Makulli na Huɗu

Talata, saura kwana ashirin mu tashi

Zuwa ga maigidana, Abban su Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Yaya sabon wurin aiki, yaya baƙunta, yaya kuma ciwon bayan nan da kake ɓoye mini? Mu nan duk lafiya lau. Lauya da Auta suna gaishe ka. Baba ma yana gaishe ka, ya ce in tambaye ka makulli nawa ka ɓatar tun da ka sauka a can.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙa a hannun direban ofishinku alhali ga waya. Dalilina ɗaya ne. A waya, da na ɗauko magana mai nauyi sai ka ce ba ka ji na sosai, za mu yi magana. Shekara goma sha bakwai ina jiran ranar da za mu yi maganar nan. Takarda ba ta katsewa, sai dai ka ƙi karantawa.

Bari in fara da abin da ka fi son ji. An samu kwalaye. Mai kantin bakin titi ya ba mu goma sha biyu, sauran na roƙo a wurin mai sayar da firji. Lauya ce ke rubutu a jikinsu, kuma ka san ba a banza muka sa mata wannan suna ba: ta kafa doka cewa kowane kwali sai an rubuta ɗakin da zai shiga, wai kada mu isa wata jiha mu yi sati muna farautar cokali. Auta aikinta yanka salatif, da kuka idan an saka 'yar tsanarta a buhu. Na karɓo takardun canjin makarantarsu. Na cire labulaye, falo ya koma kamar wurin jiran likita. Shugaban masu babbar motar kwashe kaya ya zo jiya, ya bi ɗaki-ɗaki, ya ɗaga ƙafar gado, ya jijjiga wadirof ɗina, ya ce idan ana so komai ya shiga mota ɗaya dole wani abu ya zauna. Ya ce tafiyar awa goma sha huɗu ce idan hanya ta yi kyau, kuma sau ɗaya za su yi ta, babu komowa ɗaukar abin da aka manta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki biro. Na karanta jerin kayan da ka aiko, wanda ka raba gida uku da rula: na tafiya, na bayarwa, na bari. Ka yi ƙoƙari, har murfin tukunyar nan da ya lanƙwashe ka tuna da shi. Na bi jerin da yatsa sau uku ban ga gadon Baba ba, ban ga bencinsa na aiki ba, ban ga akwatin ƙarfensa ba. Ba sa cikin na tafiya, ba sa cikin na bayarwa, ko cikin na bari ba su samu shiga ba. Na ce ƙila mantuwa ce. Sai na buɗe fom ɗin gidan ma'aikata da ka ce in duba maka shekarun yara, na ga ka cike layi huɗu: kai, ni, Lauya, Auta. Layi na biyar fayau.

Mu biyar ne a gidan nan, Abban su Auta. Shekara tara ke nan, tun rasuwar mahaifiyata, Baba yake zaune a ɗakin bakin ƙofa. Kai ka je ka ɗauko shi, kai ka ɗaure katifarsa a saman mota da hannunka. Ban roƙe ka ba, kuma ban taɓa manta maka wannan ba. To yau me ya faru?

Ban gaya masa komai ba. Ya fi kowa ɗokin tafiyar nan. Ya shafe kayan yankan makullinsa da mai, ya naɗe su a tsumma, kullum yana tambayata ko akwai kasuwa kusa da sabon gidan, da irin kwaɗon da mutanen can suke sa wa ƙofa. Idonsa ya yi rauni, gaskiya ne, amma har yanzu babu makullin unguwar nan da ya gagari yatsunsa.

Ka ba ni amsa a rubuce. Fom ɗin yana wurina, ba zan ba direba ba sai na ji daga gare ka.

Ka riƙa cin abinci kafin ka fita aiki, ba shayi kawai ba. Allah ya tsare mana kai.

Taka,
Maman su Auta

Litinin, saura kwana goma sha huɗu

Maigida,

Ina gaishe ka, ina fata ka tashi lafiya, aiki kuma yana tafiya yadda ake so. Yara lafiya. Auta ta yi ɗan mura amma ta warware.

Amsarka ta iso. Layi shida ce, biyu daga ciki gaisuwa. Ka ce gidan ɗaki biyu ne da falo. Ka ce hanya ta yi wa tsoho nisa. Ka ce mata da 'ya'ya da iyaye kawai fom ɗin ya yarda da su. Ka rufe da cewa Yayanka zai zo ya yi mini bayani. Wato maganar da ka kasa faɗa da bakinka ita ka yi wa ɗan aike.

Ya zo kuwa, jiya da hantsi. Ya zauna a kan kwalin littattafanka saboda an naɗe kujeru, ya sha ruwa, ya gyara murya. Ka san Yayanka, ko sirri zai faɗa sai maƙwabta sun samu rabonsu. Ya ce Baba yana da ɗan ƙane a ƙauyensu, can ya kamata ya ƙarasa kwanakinsa cikin jininsa. Ya ce kun yi iya yinku. Ya ce auren da ya haɗa ni da Baba an binne shi tare da mahaifiyata. Daga ƙarshe ya ce in daina ɗaukar abin da zafi, ni fa agola ce kawai.

Na ba shi girmansa, ban ɗaga murya ba, har bakin ƙofa na raka shi. Amma kai mijina ne, kai za ka ji sauran.

Bai yi ƙarya ba. Agola ce ni, 'yar da uwa ta shigo da ita gidan sabon miji. Na san kalmar tun kafin in iya rubuta sunana. Shekarata shida ranar da muka shiga gidan hayar da Baba yake, mata suka fito tsakar gida suna leƙen sabuwar matar mai makulli da ƙarin da ta zo da shi. A ranar na fara jin kalmar, daga bakin wata mai shanya. Ban san ma'anarta ba, amma na ji yadda mahaifiyata ta matse hannuna.

Abin da ya biyo baya ne ban taɓa ba ka labarinsa ba. Kafin a gama sauke kayanmu, Baba ya ɗauke ni ya ɗora a kan bencin nan da ka manta a jerinka. Ya ɗauko ɗanyen makulli wanda ba a fitar wa haƙora ba, ya matse shi kusa da nasa, ya yi ta goga shi da magagari ina kallo. Da ya gama ya yi masa tsaga ɗaya a ka, don in gane nawa tunda ban iya karatu ba, ya zura zare ya rataya mini a wuya. Ya ce a gidansa duk wanda ke kwana yana da makulli, baƙo ne kaɗai yake ƙwanƙwasawa. A lokacin ko miƙewa na yi hannuna ba ya kai kwaɗon. An rushe gidan tun ina budurwa, amma makullin yana nan cikin jakata da zarensa.

Ka san dokar ba ta canja ba har yau. Na Lauya tsaga biyu, na Auta uku, tun ana goya su ya yanka musu ya ajiye. Naka ne ya huda wa babban rami don a ɗaure maka da igiya, kuma duk da haka sau bakwai yana fasa mana kwaɗo saboda kai. Nasa layi ɗaya ne a tsaye, ba wani ado.

Mahaifina na jini sau uku na gan shi a duniya, Allah ya ji ƙansa, ba ni da abin faɗa a kansa. Baba bai taɓa haihuwa ba. Shi ya riƙa kai ni makaranta a kan keke, shi ya koya mini riƙe magagari, shi ya tsaya maka lokacin da dangina suka ce ba ka da komai sai takardar makaranta da dogon wuya. Ɗan ƙanen da ake magana kuwa, sau ɗaya ya zo cikin shekara tara, shi ma akwatinsa ne ya ƙi buɗuwa.

Ga amsar dalilanka. Ɗaki: kai da bakinka ka ce mini akwai sito mai taga a bayan kicin, lokacin da kake yi mini kurin gidan. Ka auna shi, ka share shi. Idan bai yi ba, yara su dawo falo. Hanya: na kai shi wurin likita, ya duba shi, ya ce babu abin da zai hana shi tafiya matuƙar ana tsayawa ya miƙe ƙafa. Wuri a mota: na ba wata malama maƙwabciyarmu wadirof ɗina, benci zai shiga gurbinsa. Maganar fom kuwa, ka tuna amsarka, kai ka ce akwai iyaye a ciki.

Da aka yi maka canjin nan ban yi maka gardama ba. Na bar aikin da na yi shekara goma sha ɗaya a kansa, na bar maƙwabtana, zan bar garin da kabarin uwata yake, duk ban ce uffan ba. Wannan ɗayan ba zan bari ba. Ranar da motar za ta tashi, ko dai mu huɗu mu hau, ko ta kawo maka kwalaye su riƙa taya ka hira.

Ina fushi da kai, kuma ina kewarka, duka biyun gaskiya ne. Ka huta lafiya.

Matarka,
Maman su Auta

Asabar, saura kwana tara

Abban su Auta,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya.

Direba ya kawo makullin sabon gidan, da 'yar takardarka cewa na ofis ne, a yanka wa mutanen gida a mayar. Mutanen gida. Ba ka ce uku ba, ba ka ce huɗu ba, ka bar wa wani ya yanke maka. Na san hannunka a wannan, ko ba ka sa hannu ba.

Na kai wa Baba da murnata, don na ce ko ba komai zai yanka nasa, daga nan magana ta ƙare. Ya warware tsummansa, ya zauna a benci, ya shafa makullin da babban yatsa ido a rufe. Ya yanka na farko ya yi masa tsaga ɗaya. Ya yanka na biyu, tsaga biyu. Na uku, tsaga uku. Ina tsaye ina jira ya ɗauko wani ɗanyen, sai na ga yana kakkaɓe magagari yana naɗe tsumma. Ya miƙo mini uku tare da na ofis.

Sannan ya gaya mini wai ya yi shawara da zuciyarsa. Wai ƙafafunsa ba za su iya zaman mota ba. Wai yana kewar ƙauyensu, ƙauyen da ya bari shekara hamsin da suka wuce, wanda ko ruwansa ya sha sai ya yi kwana biyu yana ƙorafi. Wai ya riga ya aika wa ɗan ƙanensa. Duk yana faɗa yana kallon ƙasa, shi da ya koya mini cewa mai gaskiya yana kallon ido.

Lauya ce ta warware mini. Ranar da Yayanka ya zo, ta ga Baba zaune a ƙarƙashin tagar falo da rediyonsa a cinya, a kashe. Na cire labulen da hannuna, ni na buɗe tagar don Yayanka ya sha iska. Ya ji komai, har kalmar.

Ka san abin da ya fi yi mini ciwo? Ya fara yi mini godiya. Shekara tara ina kai masa shayi yana cewa sukari bai ji ba, ko ya yi sanyi, ko kofin ba nasa ba ne. Yanzu da na ajiye sai ya ce an gode, Allah ya saka. Jiya da rana ya dawo daga wurin mai gyaran takalmi, ya tsaya a ƙofar gida ya ƙwanƙwasa, alhali makullinsa yana aljihunsa. Na shiga banɗaki na kunna famfo don kada yara su ji ni.

To ka ga ka samu abin da kake so ba tare da ka buɗe baki ba. Yanzu ko ofishinku aka tambaye ka, sai ka ce tsohon ne ya zaɓa da kansa. A da, da mutum ɗaya nake ja, yanzu kun zama biyu, kai mai gudun magana, shi mai gudun zama nauyi. Ku duka ba ku san da wa kuke yi ba, ko kuwa kun manta.

Makullin ofis ba zai biyo wannan direban ba. Idan sun tambaye ka, ka ce musu za ku yi magana.

Allah ya ba mu alheri.

Matarka

Laraba, saura kwana biyar

Maigida,

Ina gaishe ka da kyau, ina fata bayan ya yi sauƙi. Ka samu wuri ka zauna, wannan tana da ɗan tsawo.

Ranar Lahadi na roƙi Baba, ya ce a'a. Ranar Litinin na yi masa faɗa, karon farko a rayuwata, ya ce Allah ya huci zuciyata. Na tura masa Auta ta yi masa kuka, ya share mata hawaye ya ce zai riƙa kiranta a waya. Na gane da baki ba za a ci tsohon nan ba.

Jiya da safe na shiga kasuwa, na je layin da rumfarsa take a da, na samo ɗanyun makullai uku. Na dawo na tarar da shi a kan kujerarsa a tsakar gida yana jin labarai. Na jawo bencinsa na ajiye a gabansa, na warware tsummansa ba tare da na nemi izini ba, na matse makullin ofis da ɗanyen, na ɗauki magagari.

Zan gaya maka gaskiya. Na shirya in ɓata aikin da gangan, saboda na san abu ɗaya ne Baba ba ya iya jurewa a duniya, wato ya ga ana wulaƙanta ƙarfe. Ashe ba na buƙatar wani gangan. Shekara ashirin da biyar rabon da in riƙe magagari. Na farko na cinye masa haƙori ɗaya gaba ɗaya, ya koma kamar bakin Auta. Na jefar, na ɗauki na biyu.

Baba ya ƙara muryar rediyo. Na ci gaba da gogawa, ƙarar tana tsaga kunne. Ya yi tari. Ya juya kujerarsa ya ba ni baya. Can na ji yana gaya wa rediyon cewa magagari gaba kawai yake ci, ba a ja da shi baya kamar mai yanka albasa. Na yi kamar ban ji ba, na ƙara ja da shi baya. Na ɓata na biyu. Na ɗauki na uku na ɗaga shi yadda zai ji, na ce wa Lauya wannan ne na ƙarshe, kuma ko ya fita ko bai fita ba shi zan zura a sabuwar ƙofar.

Ban kai ga rabin haƙori na biyu ba sai na ji rediyo ya mutu. Ya taso yana faɗa, irin faɗan da rabon da in ji shi tun kafin zuwan Yayanka. Ya ce makulli irin wannan zai karye a cikin ƙofa ya bar mutane a waje. Ya ce ba haka ya koya mini ba. Ya ce in matsa, kada a ji a kasuwa cewa 'yarsa ce ta yi wannan ɗanyen aiki. Da bakinsa ya ce 'yarsa, bai ma lura ba. Na matsa.

Abban su Auta, da ka ga hannun nan. Ya rufe ido, ya shafa na ofis, ya shafa nawa, ya goga nan sau uku, can sau biyu, ya hure garin ƙarfen, ya sake shafawa. Kafin ruwan shayi ya tafasa ya haɗa su baya da baya, ko gashi ba zai shiga tsakaninsu ba.

Sai ya tsaya. Ka san bai taɓa sakin makulli ba shaida a kansa ba. Yana riƙe da shi ya tambaye ni na waye. Na ce masa ya fi ni sanin shaidun gidan nan: ɗaya da biyu da uku an riga an ba masu su, mai babban rami kuma yana can da nasa idan bai ɓatar ba. Ya ce ba ya so ya raba ni da mijina. Ya ce shi ba kowa ba ne a takarda. Na shiga ɗaki na ɗauko tsohon makullin nan mai zare, na ajiye a kan benci. Na ce idan zai tafi wurin jininsa to ya haɗa da wannan, ya karɓi abinsa, domin idan shi baƙo ne a gidana to ni ma baƙuwa ce na zauna a nasa.

Ya ɗauka ya shafa tsagar. Bai san ina da shi ba har yanzu. Lauya ta ajiye kwalin da ke hannunta ta tsaya cak. Ni kuwa ba ni da sauran dabara bayan wannan.

Ya turo mini tsohon makullin gabana. Ya ɗauki sabon ya matse shi, ya ja masa layi ɗaya a tsaye, ya saka a aljihu.

Da na kawo masa shayi ya kurɓa, ya ce wa ya ce in rage sukari, ko shi ma an saka shi a kwali ne. Ban taɓa jin daɗin ƙorafi irin na jiya ba.

Ga makullin ofis nan na mayar. Sauran maganar tana zuwa.

Taka,
Maman su Auta

Asabar, jibi mu tashi

Zuwa ga maigidana,

Gaisuwa mai yawa daga gare mu duka huɗu, da fatan kana lafiya. Wannan ce ta ƙarshe, za ta riga mu isowa da kwana ɗaya.

An gama ɗaure komai. Gobe za a yi lodi, benci ne zai fara shiga. Baba zai zauna a gaba kusa da direba, har ya fara ba shi shawara a kan makullin motarsa. Yayanka ya kira ni sau biyu, na ce masa ba na jin sa sosai, za mu yi magana.

Ga fom ɗin nan. Na cike layi na biyar, sunansa da shekarunsa, da biro ba da fensir ba. Gurbi ɗaya na bari, inda aka ce dangantaka da ma'aikaci. Na iya yanka makulli, ko da karkatacce ne, amma wannan gurbin kai yake tambaya, ba ni ba. Kalmar da ake kiran uban matar mutum ce, harafi shida, ka san ta. Ka rubuta da hannunka ka miƙa ranar Litinin da safe. Idan ka ga ba za ka iya ba, ka gaya mini a bakin ƙofa kafin a sauke ko tsintsiya. Na tambayi direban babbar motar, ya ce ba kaya zai koma, akwai wurin mutum huɗu.

Amma ban yi zaton za a kai ga haka ba. Na san mutumin da ya ɗaure katifar nan a saman mota shekara tara da suka wuce. Shi na aura, kuma shi nake so in tarar.

Za mu tashi da asuba, in Allah ya yarda mu iso kafin duhu ya rufe. Abu ɗaya nake so ka yi mini. Idan ka ji ƙarar motar ta shigo layinku, kada ka wangale ƙofa kana jiranmu. Ka fito, ka ja ta, ka kulle, ka saka makullinka a aljihu, ka tsaya a waje tare da mu. Baba ne zai buɗe.

Sai mun iso.

Matarka,
Agolar mai makulli